Kufan Naubahar: Gidan Ruhubanawan da Ya Haifi Waziran Bagadaza

Duk wanda ya taɓa sauraron hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya ya san Ja'afaru, wazirin nan da ke rakiyar Halifa Haruna Rashidu cikin dare, su ɓad da kama su ratsa lungunan Bagadaza don su ji halin da talakawa ke ciki. An san shi da laƙabin Barmaki, an kuma san gidansu da kyauta har Larabawa suka riƙa buga misali da ita. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne asalin gidan. Kakan mahaifin Ja'afaru, wanda tarihi ya riƙe da sunan Barmak, shi ne shugaban wani katafaren gidan ibada na mabiya addinin Buda a birnin Balkh, can arewacin ƙasar da ake kira Afganistan a yau. Sunan gidan Naubahar, kuma shugabancinsa gado ne a zuriyarsu, uba ya bar wa ɗa. Abin da ya rage na wannan gida yanzu shi ne tulin tubalin ƙasa a bayan tsohuwar ganuwar Balkh ta kudu, kimanin kilomita 20 daga Mazari Sharif, iska da ruwa suna ci a hankali. A ganina wannan kufai yanki ne na tarihin Musulmi kansu, kamar yadda Bagadaza take, kuma Musulmin da ya rushe irinsa ko ya zura ido ya lalace, shafin littafinsa ya yaga. Na san maganar za ta yi wa wasu nauyi, kuma masu jin nauyinta suna da hujjojin da bai kamata a raina ba. Amma kafin a kai ga gardama, ya kyautu a san mene ne gidan, da kuma abin da ya fito daga cikinsa.

Addinin Buda ya faro ne daga wani ɗan sarki mai suna Siddarta Gautama, wanda aka haifa a Lumbini ta ƙasar Nefal ta yanzu, kimanin shekara 500 kafin Annabi Isa, ya bar fada ya rungumi zuhudu. Koyarwarsa ta bi hanyoyin fatake har ta tsallaka duwatsun Hindu Kush ta zauna daram a Balkh. Mafi cikar bayanin da ake da shi kan Naubahar tun yana raye ya fito daga wani ruhubani ɗan ƙasar Sin mai suna Xuanzang, wanda ya nufi Indiya neman littattafan addininsa, ya sauka Balkh wajajen shekarar 630, wato kusan daidai lokacin da aka buɗe Makka. Ya ce ya tarar da gidajen zuhudu kusan 100 a birnin, da ruhubanawa wajen 3,000. Naubahar kuwa a wajen gari yake. A babban zaurensa akwai mutum-mutumin Buda da aka yi wa ado da duwatsu masu daraja, sannan akwai abubuwa uku da ake jinginawa ga Buda kansa: tasar da yake wanka da ita, da haƙorinsa guda, da tsintsiyarsa ta ciyawa wadda aka ƙawata mariƙinta. A ranakun azuminsu ake fito da su jama'a su gani. Daga arewa da gidan akwai wani dogon gini mai siffar ƙubba da suke kira stupa, wanda ya ƙiyasta tsawonsa da ƙafa 200. Ita stupa dunƙulallen gini ce, ba ɗaki a cikinta, ana binne wani abu na Buda ko na wani babban malami a tsakiyarta, masu ziyara su yi ta kewaya ta. Xuanzang ya yi kusan wata guda a nan yana karatu tare da wani masani mai suna Prajnakara, kuma wannan shi ne abin lura. Irin waɗannan gidaje makarantu ne kamar yadda suke wuraren bauta. Mutanen cikinsu sun aske kai, sun bar aure da tara dukiya, suna rayuwa a kan sadaka da amfanin gonakin da aka keɓe wa gidan, kuma lokacinsu yana ƙarewa a kan kwafar littattafai da nahawun harshen Sanskrit da manɗiƙi da ilimin magani.

Marubutan Musulmi ma sun siffanta wurin. Ibnul Faƙih a farkon ƙarni na 10, da Yaƙutul Hamawi a cikin Mu'ujamul Buldan a ƙarni na 13, sun ruwaito cewa akwai wata babbar ƙubba da ake kafa wa tutocin alharini, da ɗakuna 360 kewaye da ita inda masu hidimar gidan ke zama, da sarakunan ƙasashe masu nisa da kan zo ziyara su sumbaci hannun Barmak. Sai dai da yawa daga cikin marubutan sun ɗauka gidan wuta ne na Majusawa, tun da abin da suka fi sani ke nan na addinin mutanen gabas kafin Musulunci. Wannan kuskure ya daɗe yana yawo daga littafi zuwa littafi. Abin da ya gyara shi shi ne haɗa hujjoji uku: bayanin Xuanzang wanda ya gani da idonsa, da sunayen biyu waɗanda daga harshen Sanskrit suke, Naubahar na nufin sabon gidan zuhudu, Barmak kuma na nufin shugaba, sai kuma shi kansa kufan, wanda masu tono suka tabbatar da cewa gindin stupa ne. A cikin shekara 200 kacal manyan malaman tarihi sun riga sun manta wane addini ake yi a gidan kakannin waziransu. Rubutu kan yi kuskure, mai kwafa ya ɗora kuskurensa a kan na wanda ya gabace shi, kuma idan babu tubali a ƙasa da za a koma a auna maganar da shi, kuskuren shi zai zama tarihi.

Shigar Musulunci Balkh ba abin kwana ɗaya ba ne. Ahnaf ɗan Ƙaisu ya isa birnin a zamanin Halifa Usmanu, wajajen 652, aka yi sulhu a kan biyan haraji. An yi ta tayarwa ana kwantarwa, kuma Balazuri ya ruwaito cewa an yi wa Naubahar ɓarna a zamanin Mu'awiya. Duk da haka gidan bai mutu ba, domin Ɗabari ya kawo labarin wani basarake mai suna Nizak da ya je can ya yi addu'a a 709, lokacin da yake shirin yi wa Ƙutaiba ɗan Muslim tawaye. A 725, da gwamnan Hurasan Asad ɗan Abdullahi ya ƙudurta sake gina Balkh bayan yaƙe-yaƙe sun ragargaza ta, Barmak ya danƙa wa aikin. Ɗan Barmak, Halidu, ya tashi Musulmi, ya shiga cikin masu fafutukar da ta kawo Abbasiyawa kan mulki a 750, aka ba shi riƙon ofishin haraji da na sojoji. Ɗan Halidu, Yahaya, shi ya yi renon Haruna Rashidu har Haruna na ce masa Baba, kuma da Haruna ya hau gado a 786 sai ya miƙa masa hatimin mulki. Shekara 17 Yahaya da 'ya'yansa Fadlu da Ja'afaru suna juya daular da ta taso daga Arewacin Afirka har bakin kogin Sindu. A farkon 803, bayan dawowa daga aikin Hajji, Haruna ya sa aka sare kan Ja'afaru, aka tsare Yahaya da Fadlu har suka rasu a kurkuku, aka ƙwace dukiyar gidan. Masana tarihi har yau ba su haɗu a kan dalili guda ba.

Abin da ya fi muhimmanci gare mu shi ne abin da suka yi da mulkin. Ibnun Nadim, mai sayar da littattafan Bagadaza da ya rubuta Fihrist a 987, ya ruwaito cewa Yahaya ya aiki mutum takanas zuwa Indiya ya tattaro masa itatuwan magani, ya kuma rubuto masa bayanin addinan mutanen can. A zamaninsu likitocin Indiya suka yi aiki a Bagadaza, irin su Manka, wanda ya fassara littafin likitancin Susruta bisa buƙatar Yahaya, da Ibnu Dahan, wanda ya shugabanci asibitin da Barmakawa suka kafa. Mawaƙin gidansu, Abanul Lahiƙi, ya mayar da Kalila wa Dimna waƙa don a samu sauƙin haddacewa, kuma wannan littafi na hikayoyin dabbobi asalinsa Indiya, yana cikin rijiyoyin da Abubakar Imam ya ɗebi ruwa da ya zo rubuta Magana Jari Ce. Ibnu Haldun kuma ya ce Fadlu ne ya ba da shawarar a riƙa yin takarda, lokacin da fata ta kasa wadatar da ofisoshin gwamnati da masu rubuta littattafai. Wanda ya san abin da arahar takarda ta yi wa hadisi da fiƙihu da tafsiri ya san girman wannan shawara. Yawancin masu fassara na wancan zamani Girkanci suka fuskanta, Barmakawa kuwa suka juya gabas, kuma mai bincike Kevin van Bladel ya nuna cewa wannan ba ya rasa nasaba da gidan da suka fito, inda ake karanta ilimin Indiya tun kaka da kakanni.

A nan dole a ja linzami, domin akwai masu wuce gona da iri. Wasu Turawan da suka yi nazarin gabas sun yi da'awar cewa tsarin madarasa an kwaikwayo shi ne daga gidajen zuhudun Buda, wasu kuma suka ce labarin Ibrahim ɗan Adhama, ɗan sarkin Balkh da ya bar mulki ya shiga zuhudu, labarin Buda ne aka sauya wa riga. Waɗannan hasashe ne, ba a kafa su da hujja yankakkiya ba, kuma karatu a masallaci ya girmi shigar Musulmi Balkh. Yahaya da 'ya'yansa Musulmi ne da suka yi Hajji suka gina masallatai, babu abin da ya nuna suna ɓoye wani addini. Abin da hujja ta tsayar ya fi wannan ƙanƙanta, amma ya wadatar: Musulunci ya karɓi zuriyar shugabannin wani addini, bai tilasta musu su zubar da abin da suka sani na magani da sarrafa mulki ba, ya ɗora su a kan kujera mafi girma bayan ta halifa, al'umma kuma ta ci moriya. Wannan abin alfahari ne ga Musulmi, kuma shaidarsa ta zahiri ita ce tulin ƙasar nan na Balkh.

Shi kuwa birnin, wanda Larabawa suka yi wa kirari da Ummul Bilad, uwar birane, rundunar Jangis Han ta daidaita shi wajajen 1220, har Ibnu Baɗɗuɗa da ya bi ta nan bayan fiye da shekara 100 ya tarar da shi kango. A 1924 Bafaranshen nan Alfred Foucher ya zo da ma'aikata yana fatan ya tono birnin Girkawa mai ginshiƙan dutse, sai ya yi ta cin karo da tubalin laka, ya tafi cikin takaici. Amma shi ya auna tulin da mutanen wurin ke kira Tepe Rustam, ya nuna cewa gindin wata babbar stupa ce, kuma mafi yawan masu bincike sun tafi a kan cewa ita ce ta Naubahar. Ba nisa da nan akwai masallacin Noh Gumbad, mai ƙubba tara, wanda ake ƙirgawa cikin mafi tsufan gine-ginen Musulunci a Afganistan, da ginshiƙansa masu kauri da aka zana wa ganyen inabi a jikin farar ƙasa. Wasu masana na danganta gina shi da zamanin da Fadlu yake gwamnan Hurasan, wajajen 794. Kufai biyu ke nan a fili guda, ɗaya na addinin da ya shuɗe, ɗaya na wanda ya gaje shi, kuma ba a fahimtar yadda na biyun ya samu gindin zama sai an dubi na farkon.

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan ra'ayi ita ce ta aƙida. Mai ita zai ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karya gumakan da ke kewaye da Ka'aba ranar buɗe Makka, ya kuma aiki sahabbai su rushe Lata da Uzza da Manata, to yaya za a ce Musulmi ya adana gidan gunki? Wannan tambaya ba ta tsaya a littafi ba. Ranar 26 ga Fabrairun 2001 Mulla Umar, shugaban Taliban, ya ba da umarnin a rushe manyan gumakan Buda biyu na Bamiyan a Afganistan, ɗaya mai tsawon mita 55, ɗaya 38, waɗanda aka sassaƙa a jikin dutse tun wajajen ƙarni na 6, kewaye da ɗaruruwan koguna da ruhubanawa suka zauna a ciki. Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, mai hedkwata a Jidda, wadda Najeriya da Nijar duk suna cikinta, ba ta goyi bayan haka ba. A watan Maris tawagar malamai ta tafi Kandahar da sunanta, ciki har da Shaihu Yusuful Ƙaradawi da Muftin Masar na lokacin, Nasr Farid Wasil, suka roƙi Taliban su dakata. Ba a saurare su ba. Hujjar da suka tafi da ita ita ce wadda nake ganin ta fi tsayuwa: gumakan Makka ana bauta musu a lokacin, a tsakiyar ɗakin tauhidi, kuma su ne tutar shirkar da ake yaƙa, na Bamiyan kuwa sun fi shekara 1,000 a cikin ƙasar Musulmi, babu mai yi musu sujada a kwarin, malamai da sarakuna na ƙarnoni sun wuce ta gabansu sun bar su tsaye.

Magabata ma sun san wannan bambanci. Amru ɗan Asi ya buɗe Masar, sahabbai suka zauna a cikinta, dalar Fir'auna da gine-ginen Luksor suna nan har gobe. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya shiga Mada'in a 637, ya mayar da babban zauren Kisra wurin salla, kuma Ɗabari ya ruwaito cewa akwai siffofin mutane da dawaki a jikin ginin, bai sa an kankare su ba. Wannan shi ne zauren da duk mai zama wurin Maulidi ya ji labarin tsagewarsa a daren haihuwar Manzo. Kuma a kan wannan zaure ne aka yi wata muhawara da ta shafi gidan Barmak kai tsaye. Da Halifa Mansur ya tashi gina Bagadaza a 762, sai ya yi niyyar rushe shi ya kwashi tubalin, ya nemi shawarar Halidu ɗan Barmak. Halidu ya hana shi, ya ce ginin aya ce ta Musulunci, domin duk wanda ya dubi girmansa zai gane cewa masu irin wannan ƙarfi ba dabarar duniya ce ta kawar da su ba, al'amari ne na addini. Mansur ya zarge shi da son kare kayan 'yan'uwansa Ajamawa, ya sa aka fara rushewa, sai aka ga kuɗin rushewar ya fi na yin sabon tubali, aka bari. Bakan zauren yana tsaye har yau a kudu da Bagadaza. Maganar Halidu ta dace da abin da Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama, na umartar mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su ga yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance. Da Manzo ya bi ta Hijir, garin Samudawa, a hanyar Tabuka, ya gargaɗi sahabbai su wuce cikin tsoro da kuka, bai sa an rushe gidajen da aka fafe a dutse ba. A 2008 wannan wuri ya zama na farko a Saudiyya da ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO. Gaskiya ne ba kowa ya bi wannan hanya ba. Ibnu Hallikan ya ce shi kansa Fadlu ya so ya rushe Naubahar, ƙarfin ginin ya gagare shi, ya rushe wani sashe ya gina masallaci a wurin. Saɓanin tsoho ne. Amma aikin mafi yawan al'umma a tsawon ƙarnoni shi ne bari, kuma wanda ya ce barin kuskure ne sai ya fara da tuhumar sahabban da suka buɗe Masar da Iraƙi.

Akwai hujja ta biyu, ta ciki da yunwa. Wakilin Taliban da ya je Amurka a lokacin, Rahmatullahi Hashimi, ya ce abin da ya harzuƙa su shi ne baƙi sun zo da kuɗin gyaran gumaka alhali yara na mutuwa saboda fari da takunkumi. Wannan fushi yana da tushe, kuma duk wanda ya ga yadda duniya kan yi kururuwa a kan dutse ta yi shiru a kan rai zai fahimce shi. Sai dai nakiyar da aka dasa a Bamiyan ba ta ciyar da yaro ko ɗaya ba, ta dai raba mutanen kwarin, waɗanda Musulmi ne matalauta, da abin da ke kawo musu baƙi da ciniki. Hujja ta uku ta fi zafi a zuciyar mai karatu na yau: mabiya Buda a Myanmar fa, da abin da aka yi wa Rohingya? Daga watan Agustan 2017 sama da mutum 700,000 suka tsere zuwa Bangaladesh, aka ƙone ƙauyuka da masallatai, wasu ruhubanawa kuma suka hura wutar da bakinsu. Zalunci ne da ba shi da uzuri, kuma hanyar da aka bi a 2019, da Gambiya ta kai ƙara Kotun Duniya da goyon bayan ƙungiyar nan ta Jidda, ita ce hanyar da ta kamata. Amma tulin ƙasar Balkh ba na sojojin Myanmar ba ne, na jikokin waɗanda suka gina shi ne, su kuwa Musulmi ne tun fiye da shekara 1,000. Kuma ƙa'idar da za ta halatta rushe shi, wato mai rinjaye ya share alamar wanda ya gabace shi, ita ce dai aka yi aiki da ita ranar 6 ga Disamban 1992 aka rushe Masallacin Babri a Indiya. Wanda ya yi kuka a kan Babri ba zai rasa gane haɗarin wannan ƙa'ida ba.

Jidda kanta ta ɗanɗana wannan darasi a jikinta. Alhazanmu sun fi saninta da filin jirgi da kasuwar Balad inda ake sayen tsaraba, amma a bayan shagunan nan akwai tsohon gari: dogayen gidaje na dutsen murjani da aka ciro daga Bahar Maliya, da tagogin katako masu ɓulloƙowa waje da ake kira rawashin, waɗanda aka sassaƙa su yadda iska za ta shiga, na ciki ya ga titi, na titi bai gan shi ba. Halifa Usmanu ne ya mayar da garin mashigar Makka ta teku. A farkon ƙarni na 16 aka kewaye shi da ganuwa don tsoron jiragen Fotugal, a 1947 kuma aka rushe ganuwar don gari ya faɗaɗa. Bayan an bar tsofaffin gidaje suna zubewa shekara da shekaru, sai aka dawo ana lallaɓa su, aka sa unguwar cikin jerin UNESCO a 2014, aka kuma ɗauko masana suna tono suna neman sawun ganuwar da aka rushe da hannu. A watan Fabrairun 2024 hukumar da ke kula da tsohuwar Jidda ta sanar da samun gutsattsarin kayan tarihi kusan 25,000 a wurare huɗu. Cikinsu akwai ginshiƙan baƙin katako a gefen mihirabin Masallacin Usman bin Affan, waɗanda binciken kimiyya ya mayar da su ƙarni na ɗaya da na biyu na Hijira, ya kuma nuna cewa daga tsibirin Sarandib aka kawo itacen, wato Siri Lanka, ƙasar da ta kasance cibiyar addinin Buda a lokacin, har yanzu ma haka take. Musulmin farko sun yi ciniki da waɗannan mutane, sun sa katakonsu a alƙiblar masallaci a ƙofar Makka. Babu littafin da ya adana mana wannan labari, sai da aka tona ƙasa aka gan shi.

Mu ma muna da namu Naubahar ɗin. Malamin da ya tattara Tarihin Kano Musulmi ne, amma da Barbushe da Tsumburbura ya buɗe littafinsa, ya siffanta yadda ake bautar a gindin Dala, sannan ya kawo zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14. Bai ji tsoron cewa ambaton tsafi zai raunana imanin kowa ba, ya san cewa ba a gane girman abin da aka samu sai an san abin da aka baro. A gindin Dala ɗin nan aka tono burbushin narkar da tama da aka ƙiyasta zuwa wajajen ƙarni na 7, zamanin da Xuanzang ke zaune a Balkh. Akwai kaburburan sarakuna na Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina, da Turunku da Kufena a ƙasar Zazzau, da kufan Alkalawa, da Surame ta Kanta mai ganuwar dutse. Tun 2007 aka sa ganuwar Kano da Surame cikin jerin wuraren da Najeriya ke neman UNESCO ta amince da su, har yanzu suna jira, alhali Agadas ta shiga tun 2013. A tsakanin nan an yanka jikin badala filaye, an ɗebi ƙasarta an yi tubali, an rushe wasu ƙofofi an mayar da su da siminti. Mafi yawan wannan ɓarna ba da sunan addini aka yi ta ba, kwaɗayin fili ne da halin ko-in-kula, amma tana samun sauƙi ne domin an bar mutane da zaton cewa kufai kayan jahiliyya ne da ba ruwan Musulmi da su. Malaman da ke hawa mumbari a Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato su ne za su iya kawar da wannan zato, kuma masarautu da jami'o'inmu su ne za su iya auna abin da ya rage, su zana taswirarsa, su kafa masa iyaka da doka tun kafin a ƙarasa sayar da shi fuloti-fuloti.